Wutsiyar Sa a Sandar Ajidan

Kwana da kwanaki ke nan A'i mai ƙaro ba ta san ɗanɗanon abin da take kaiwa bakinta ba. In ta ɗora miya sai ta mance gishiri, in ta tuna sai ta zuba sau biyu. Maƙwabta na cewa zazzaɓin kaka ne ya kama ta. Ba zazzaɓi ba ne. Bakin ɗanta Modu ne, wanda ke neman kashe auren da ta daɗe tana ƙulla masa, in ma bai haɗa da ransa ba.

Modu shi ne autanta, namiji ɗaya a bayan mata, kuma tun da ubansa ya rasu babu mai ce masa rufe baki ya rufe. Dogo ne, ga fara'a, ga gaisuwa, ba ya ɗauke-ɗauke, ba ya shaye-shaye. Aibinsa ɗaya ne tak: bai taɓa jin an ambaci wani aiki a duniya ya ce bai iya ba. Bara ya bi wata babbar mota zuwa Difa, ya yi 'yan watanni, ya dawo Gure da baƙin tabarau da sabon sunan da ya raɗa wa kansa, wai Sarkin Ruwa. In ya zauna a teburin mai shayi, Tabkin Cadi yakan koma kamar randar ɗakinsa. Ya yi kokawa da giwan ruwa. Ya taka bayan kada yana tsammanin kwalekwale ne, kada ya ba shi haƙuri. A'i kuwa ta san gaskiya, don ƙanenta da ke can ya faɗa mata a waya: kwalayen bandar kifi Modu ke lodawa a tasha, duk kifin da ya gani sun riga sun sha hayaƙi. Ta haɗiye maganar. Wace uwa ce za ta kwance wa ɗanta zane a kasuwa?

Yarinyar da yake nema sunanta Fiddausi, mai ɗinki ce, 'yar Ajidan Abatcha, tsohon jandarma da har yau ake kira da muƙaminsa na aiki. Yarinya mai hankali, wadda in Modu ya yi magana takan raba ta kashi goma ta ɗauki ɗaya, sauran ta yi dariya. A'i ta ga cewa irin wannan ce kaɗai za ta iya zama da ɗanta, saboda haka ta sa ƙafa ta sa hannu. Ta kai dabino, ta kai gaisuwar rashin lafiya, ta kai ta haihuwar akuya ma. Abin da ya rage shi ne Ajidan ya buɗe baki ya ce a kawo goro.

Shi kuwa Ajidan ba mai buɗe baki ba ne. Gajere ne mai kauri, da gashin baki kamar tsintsiya, magana in ya yi uku a wuni to ranar ya yi surutu. A duniya abu ɗaya ke sa fuskarsa ta saki: sandar fatsarsa. Lokacin da yake aiki a bakin kogi ya koyi kamun kifi, da zai ajiye aiki abokansa suka haɗu suka saya masa ita. Ba irin karan da yara ke ɗaura wa zare ba ce. Siririya ce, baƙa, tana lanƙwasa kamar tsumagiya, da ɗan keke a jikinta mai naɗe zare. Tun da aka zuba 'ya'yan tarwaɗa a tabkin da ke cikin kwari bayan gari, aka hana kamu sai ranar da aka sa bayan damina, Ajidan yake jiran wannan rana kamar yadda yara ke jiran Salla.

Wata la'asar Modu ya je gaisuwa, ya iske tsohon a zaure da sandar a kan cinya, yana kallonta kamar ɗan da ba shi da lafiya. Ashe ya jingina ta da bangon ƙasa tun rani, gara ta bi ta cinye mariƙin, wannan abu mai laushi kamar totuwa da hannu ke kamawa. Sai ɓurɓushi.

Mai hankali sai ya ce Allah ya mayar da alheri ya yi shiru. Modu ya cire tabarau.

"Baba Ajidan, wannan ne ya ɓata maka rai? Wannan ɗan abin?"

Ajidan ya ɗaga ido. "Ka san gyaransa?"

"Sani? A bakin Cadi in aka ce mariƙi, ni ake nufi. Masunta layi suke yi. Akwai wani Bature ma da ya yi kuka ranar da zan taho."

"Damagaram nake shirin aika ta."

"Damagaram! Baba, su da ko kududdufin kirki ba su da shi? Ba ni ita. Ranar buɗe tabki, in hannunka ya kama mariƙin nan, sai ka roƙe shi ya sake ka."

Ajidan ya dube shi sama da ƙasa. Sannan ya miƙa sandar da hannu biyu, ya ce, "Ba ni da wata."

Da A'i ta ga ɗanta ya shigo da sandar a kafaɗa kamar mai dawowa daga yaƙi, sai ta tare shi a bakin ƙofa.

"Kai Modu, wannan ba ta surukinka ba ce?"

"Ita ce, Inna. Ki fara tanadin goro."

"Mayar masa. Don girman Allah mayar masa. Ce masa hannunka na ciwo."

"Inna ke nan. Ina wuƙarki ta yankan kuɓewa?"

Kafin magariba ya kankare sauran mariƙin tas, har gindin sandar ya fito siriri, sumul, yana sheƙi kamar kwalba. Ya ɗaga shi yana juyawa. A'i ta lura cewa kallon da yake masa irin na wanda ya rushe ɗaki ne sannan ya tuna bai iya gini ba.

Washegari ya samo robar cikin tayar moto, ya yanka ta siri-siri, ya nannaɗe. Da ta ƙi zama, sai ya ce wuta take so. Ya kara ta a murhun A'i. Hayaƙi baƙi ƙirin ya turnuƙe gidan, kaji suka tsallake danga, Kadija maƙwabciya ta faɗo da bokitin ruwa tana salati, ta sheƙa wa murhu, ta sheƙa wa tuwon dare, ragowar ta sheƙa wa Modu.

"Wayyo, ashe Sarkin Ruwa ne! Gafarta mini, ranka ya daɗe, na kawo maka talakawanka."

"Gwaji ne, Iya Kadija. Kowane babban aiki da gwaji yake farawa."

"To in za ka yi na biyu ka faɗa mana mu kwashe yara."

Na biyun da tsumma ya yi shi. Ya yage gefen wani zanen A'i da ya ce ya tsufa, alhali sau ɗaya ta ɗaura shi, ya naɗe da zaren buhu. Abin ya fito kamar ƙafar jakin da aka ɗaure wa miki. Shi kansa bai iya yabonsa ba, kuma wannan ne karo na farko da A'i ta ga haka.

Ranar kasuwa ce ta kawo masa abin da ya kira wahayi. A'i na zaune a rumfarta da tiren ƙaro da kanwa da dabino, Modu na gefe yana cin dabinon, sai ga Hammajoda, wani makiyayi daga wajen Bune da ke sayen kanwa a wurinta saboda shanunsa. Ya jingina sandarsa ta kiwo. Modu ya ƙura mata ido. Wajen kamun, an sa mata fata baƙa wadda ta manne da icen kamar tare aka halicce su, babu ɗinki, babu ƙulli.

"Kai Bafillace, wa ya yi maka wannan?"

"Ji Babarbare da tambaya. Ubangidanka kake kira kai? Ni na yi abina. Fatar wutsiyar sa ce. Ranar da aka yanka za ka zare ta ɗanya, kamar ka cire safa, ka zura sanda a ciki, ka ajiye a rana. In ta bushe, ko kura ta ja ba ta fita. Wannan tun kafin a haifi ɗana na fari take nan."

"Ba ta santsi?"

"Santsin me? Wace irin sanda za ka sa wa?"

Modu ya mayar da tabarau. "Sandar manya. Ba irin ta bin bayan saniya ba."

"To Allah ya ba manya sa'a," in ji Hammajoda, ya ɗauki kanwarsa.

Da asuba Modu na mahauta. Isa mahauci ya ba shi wutsiya, ya ce, "Miya za a yi?" Modu ya ce, "Tarihi za a yi." Ya zo gida ya zare fatar, ya rataya a danga ya shiga neman wuƙa. Kafin ya fito shirwa ta yi sama da ita. Ya bi ta da jifa har bakin masallaci. Ya koma wurin Isa.

"Tarihin ya ƙare?"

"Shirwa ta ɗauka."

"To ita ma ta shiga tarihi. Ungo, amma wannan ta bijimi ce, ta fi kauri."

Nan matsala ta taso. Wutsiyar bijimi faffaɗa ce, gindin sandar kuwa bai fi ɗan yatsa ba. Ya zura, sanda na rawa a ciki kamar muciya a tukunya. Modu ya zauna ya yi tagumi, idonsa ya faɗa kan buhun ƙaron uwarsa. Ƙaron dakwara ne mai kyau, ja-ja, wanda masu wankin hula ke rububinsa. Ya kwashi rabin ƙwarya, ya jiƙa, ya dama shi da kauri a tukunyar kununta, ya haɗa da garin zarto, ya shafe gindin sandar har ya yi ƙiba, sannan ya ja fatar a kai.

A'i ta tsaya a kansa. Ita dai ba ta yi lakwal, wato boko, mai nisa ba, amma ƙaro sana'arta ce.

"Modu, ƙaro fa da ruwa ka narka shi yanzu."

"Na sani, Inna."

"To sandar nan ba ruwa za ta ba?"

Ya yi irin murmushin da ake yi wa yaro. "Inna, ƙugiya ce ke shiga ruwa. Zare ya bi ta. Mariƙi yana hannun mutum, mutum yana kan tudu. Me zai kai shi ruwa? Kin taɓa ganin an yi wa mariƙi wanka?"

Ta juya maganar a ranta, ta ga kamar akwai gaskiya a ciki. Abin da ya fi ba ta haushi yanzu ke nan.

Kwanakin shanya su ne unguwa ba za ta mance ba. Ya kafa sandar a kan rufin ɗaki, ya zauna a ƙarƙashi da majajjawa yana gadin shirwa. Rana ta bugi ɗanyar fata, wari ya sauko. Ƙudajen Gure kaf suka yi taro a gidan A'i. Karnukan da ba a taɓa gani a unguwar ba suka zo suka zauna a ƙofa cikin ladabi. Ungulu biyu suka sauka a kan katanga suna duban Modu, yana dubansu.

Kadija ta leƙo da gyale a hanci. "A'i, in rasuwa aka yi ku faɗa mana mu zo zaman makoki."

"Aikin yaron nan ne."

"Warin gwaninta ne, Iya Kadija," in ji Modu daga inuwa. "Turare ma daga ice mai ɗaci yake fitowa."

"To wannan gwanintar ta kwana biyu da mutuwa."

Amma abin mamaki, da fatar ta bushe sai wari ya ɗauke. Ta tsuke, ta ƙame, ta yi tauri kamar ƙaho. Modu ya goge ta da man shanu har ta yi baƙi tana ƙyalli. Bai tsaya nan ba. Ya je wurin dukawa ya samo jar fata da kore, ya yi mata zobba. Ya rataya tuntaye a gindi irin na sirdin raƙumi, ya bar gashin ƙarshen wutsiyar yana lilo, ya liƙa farin wuri guda biyu da ɗan madubi, wai don kifi ya ga kansa ya ji kunya. Akuyar A'i ta cinye tuntu ɗaya, ya sake wani.

Ya kira samarin unguwa, ya riƙe kan sandar, ya ce su ja mariƙin. Suka ja, suka ja, ko motsi. Isa mahauci ya zo ya gwada da hannunsa na kayar da bijimi, ya ce, "Kai, yaron nan, ashe wani lokacin kana faɗin gaskiya." Kadija ma ta juya shi ta ce, "Ba laifi," kuma daga bakin Kadija wannan kirari ne.

A'i ta ji wani sanyi a ƙirjinta. Har ta kama kanta a bakin rijiya tana cewa, "Ai Modu tun yana ƙarami hannunsa ke da albarka."

Da aka kai wa Ajidan, ya karɓa, ya juya, ya matsa, ya kaɗa. Ya dubi madubin, ya dubi tuntayen.

"Sandar kamu ce ko amarya?"

"Baba, riƙe ka ji."

Ya riƙe. Gashin bakinsa ya ɗan motsa, wanda a wurinsa shi ne dariya. Ya ce, "Bayan buɗe tabki, ka ce wa mahaifiyarka ina son ganin manyanku."

Ranar A'i ta yi rabon dabino kyauta.

Ranar buɗe tabki gari ya fashe zuwa kwari. Masu taru, masu homa, masu ƙwarya, masu kallo sun fi kowa yawa. Mata sun jera tuyar ƙosai a gindin dabinai. Fiddausi na can da ƙawayenta sun sha lalle. A'i ta sa zanenta na biki, ta samu wuri a tudu inda za ta ga komai. Hammajoda ma ya biyo da shanunsa ya tsaya kallo. Modu kuwa shi ke ɗauke da sandar a gaban Ajidan, tuntaye na rawa, mutane na buɗa masa hanya.

Da a ce ya miƙa wa mai ita ya koma gefe, da yanzu ana cin goro. Amma ya ga idon jama'a a kansa, ya ga Fiddausi na kallo, bakinsa ya fara ƙaiƙayi.

"Jama'a, ku dakata! A Cadi ba a fara kamu da sabon mariƙi sai an shayar da shi. Sai ya gaisa da ruwa, ruwa ya san shi. Wanda bai yi haka ba, ko ƙwaɗo ba zai kama ba."

Ajidan ya ce, "Ban taɓa ji ba."

"Sirrin masunta ne, Baba. Ba kowa ake faɗa wa ba."

A'i ta miƙe tsaye a kan tudu. "Modu! Kai Modu!" Ina, ganga ta hana shi ji. Tana kallo ya juya sandar, ya luma mariƙin cikin ruwan gefe, ya caka shi a laka ya tsaya cak, ya yi wasu 'yan surutai da ya ce yaren Buduma ne.

Ya yi niyyar cirewa nan da nan, sai aka ce a yi shiru shugaban masu kula da tabki zai yi jawabi. Shugaba ya gode wa Allah, ya gode wa hukuma, ya gode wa damina. Ya ba mataimakinsa, mataimaki ya maimaita da Barbarci. Aka ba wani baƙo daga Damagaram, ya yi da Faransanci, aka fassara. Liman ya yi addu'a mai tsawo. Duk wannan lokaci Modu na tsaye a sahun gaba kusa da manya yana gyaɗa kai, mariƙi na can yana gaisawa da ruwa. A'i ta so ta ratsa, amma ina mace za ta bi ta tsakiyar maza ana addu'a? Ta zauna tana karanta duk abin da ta haddace.

Aka busa usur. Modu ya zaro sandar, ya goge lakar da rigarsa, ya miƙa da hannu biyu.

Ajidan ya kama, ya ɗan yamutsa fuska. "Ya na ji ya yi laushi?"

"Ladabi yake maka, Baba. Ya gane mai shi."

"Yana kuma danƙo."

"Ai na faɗa maka sai ka roƙe shi ya sake ka."

Ajidan ya shafa gashin bakinsa da hannun, gashin ya manne gefe guda ya tsaya kamar ƙahon rago. Babu wanda ya yi ƙarfin halin faɗa masa. Sai kuma warin nan ya dawo, ƙudaje suka gane tsohon abokinsu. Tsohon ya daure, ya sa tana a ƙugiya, ya wurga zare can tsakiya inda ruwa ya fi zurfi. Wurgi mai kyau, har aka tafa.

Ba a jima ba zare ya miƙe, sanda ta lanƙwashe kamar baka.

"Ya ci! Ya ci!"

Kowa ya bar abin da yake yi. Ruwa ya tsage, aka ga bayan wata tarwaɗa baƙa, mai kai kamar akushi. Ajidan ya kafa ƙafa, jijiyoyin wuyansa suka tashi, fuskarsa ta koma ta saurayi. Modu na tsalle a bayansa.

"Sassauta, Baba! A'a, ja! Ba ta dama! Haka muke yi a Cadi! Jama'a ku dubi mariƙi, ku dubi aiki! Wanda ke so ya same ni a gida!"

"Modu," in ji Ajidan ta cikin haƙora, "abin nan yana tafiya."

"Kifin ne ke tafiya, Baba."

"Ba kifin ba."

Tarwaɗa ta yi wata fizga. Aka ji wani sauti, sulluɓ, kamar an zare takobi daga kube. Sanda ta fice daga cikin fatar, ta yi tsalle, ta faɗa ruwa, ta bi kifi da kekenta da komai, kanta na kaɗawa kamar mai ban kwana, har ta nutse a tsakiyar tabki. Ajidan kuwa da ya jingina da dukkan ƙarfinsa, ya tafi da baya ya zauna daɓas cikin laka, ƙafafu a sama.

Tsohon jandarma na zaune a taɓo, gashin baki a karkace, hannunsa biyu riƙe gam da wutsiyar sa, laƙwas, tana ɗigar da ruwan ƙaro, tuntaye da madubi na lilo.

Kadija ce ta fara dariya. Ta yi ƙoƙarin mayar da ita tari, ta kasa. Daga nan kwari ya ɗauka. Masu ƙosai suka bar mai na ƙonewa. Baƙon Damagaram ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Isa mahauci ya ce, "Ranka ya daɗe, ka kama sa a cikin ruwa, saura naman!" Fiddausi ta rufe fuska da mayafi, kuma har yau A'i ba ta san ko kuka take ko dariya ba.

Hammajoda ya matso yana dogara sandarsa. "Kai Babarbare, sandar manyan ke nan? Da ka ce mini ta ruwa ce! Mu ko yayyafi aka fara, cikin riga muke ɓoye tamu. Ɗanyar fata in ta sha ruwa ai tunowa take da uwarta."

Nan ne ya kamata Modu ya durƙusa ya ce Baba na tuba. A'i ta rantse da ya yi haka, da tsohon ya haƙura, don ba mugu ba ne. Amma baki shi ke yanka wuya.

"Jama'a, ba laifin mariƙi ba ne! Ku duba, ai yana hannunsa, bai sake shi ba, kamar yadda na yi alkawari. Sandar ce ta gudu. Kuma wannan ɗan tabkin har wani abu ne? Ni da nake nutso a Cadi in daɗe har a fara raba gadona? Sanda ko allura ce na ga dama sai in ɗauko ta, in haɗo da kifin ta gashin baki!"

Ajidan ya tashi a hankali. Ya ƙi hannun da aka miƙa masa. Ya naɗe wutsiyar, ya sa wa Modu a aljihun gaba, ya daddanna.

"Madalla," ya ce. "Shiga."

Modu ya dubi ruwan. "Yanzu, Baba? Ai... ruwan ya ruɗe. Kuma na ci ƙosai. Masunta ba sa nutso da ƙosai a ciki."

"To Juma'a, bayan an sauko. Kowa shaida ne. Ka fito da sandata, a kawo goro a ranar. Ba ka fito da ita ba, kada in ƙara ganin tabaranka a zaurena."

Wani daga baya ya ce, "Ajidan, ai in rani ya yi tabkin zai janye, a ɗauko ta a ƙafa."

"Ba na son sandar da rana ta ciro," in ji Ajidan. "Rana ba ta neman 'yata." Ya juya ya tafi, laka na ɗiga daga bayansa, babu wanda ya ƙara ko murmushi sai da ya hau tudu.

To ga inda A'i take. Abin da gari bai sani ba, Modu bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba. Yana yaro in za ta yi masa wanka sai an riƙe mata shi. Tsakiyar tabkin nan kuwa an ce raƙumi ya taɓa shiga bai taɓo ƙasa ba, ga laka mai riƙe ƙafa.

Ta ce masa, "Je ka faɗa wa tsohon nan gaskiya."

Ya ce, "Inna, nutso ai riƙe numfashi ne kawai. Sauran duk ruwa ke yi."

Tun ranar yake atisaye a tsakar gida. Ya cika bahon wanki, ya durƙusa, ya tsoma fuska, kafin ta ce bisimilla ya ɗago yana tari yana cewa an samu ci gaba. Da hantsi ya kwanta rub da ciki a kan tabarma yana harba ƙafafu, kaji na kallo. Kadija ta ce in ya kai bakin ƙofa a faɗa mata ta yi guɗa. Masu shayi har sun fara gardamar inda za su tsaya ranar Juma'a don su fi gani.

Jiya da yamma Fiddausi ta biyo ta rumfar A'i kamar mai sayen kanwa. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi ƙasa da murya.

"Inna, ki gaya masa, in ya shiga ruwan nan ni ba zan auri gawa ba."

A'i ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Sai ya fasa."

"In kuma ya fasa bai faɗi dalili da bakinsa a gaban Baba ba, Baba ba zai ba maƙaryaci ba. Ni ma ba zan roƙe shi ba." Ta ɗauki kanwarta ta tafi.

A'i ta kai saƙon. Modu ya saurara da kyau, ya gyaɗa kai, ya ce, "Kin ji ko, Inna? Tsoro take kada 'yan matan gari su gan ni ba riga." Ya koma bahonsa.

Ta yi tunanin ta je wurin Ajidan da kanta ta fasa ƙwan, amma in ta yi haka ta tsirar da ransa ta kashe shi a tsaye, yaron da ba shi da wata dukiya sai bakinsa, kuma ba lalle auren ya tsira ba. Ta yi tunanin ta sa a nemo wani gwanin ruwa ya ciro sandar a ɓoye, amma tun ranar yara ke gadin tabkin kamar an ɗauke su aiki. Ta yi tunanin ta kulle shi a ɗaki ranar Juma'a ta ce ciwon ciki ne, sai ta tuna da bakinsa zai ɓalle ƙofar. In kuma ta yi shiru, ta san ɗanta: in ido ya yi masa yawa, zai cire riga, ya gyara tabarau, ya shiga.

Yau Laraba. Ku da Allah ya ba 'ya'ya masu jin magana, da ku da ya ba irin nata, don Allah ku faɗa mata: ta tona shi, ko ta bar shi ya cire rigar?